Rabon Gaya da Ajingi a Cikin Shirin Lafiya

Duk wanda ya san Kano ya san inda manyan asibitocinta su ke. Ga Asibitin Murtala a Ƙofar Mata, ga Asibitin Nasarawa, ga na koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa cikin 1988 a kan hanyar Zariya, ga na ƙashi a Dala, ga na yara na Hasiya Bayero, ga na ido a Sabon Gari. Mai mota na iya zaga su duka tsakanin hantsi da azahar. Alhali kuwa Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, takwas ne kaɗai a kan lasafta cikin birni da kewayensa. Sauran 36 ɗin fa? A yau muna so mu ɗauki biyu daga cikinsu, Gaya da Ajingi, waɗanda ke gabas, kan iyaka da Jigawa, mu duba abin da ya kamata a shirya musu. Abin da ya same su shi ya sami 'yan'uwansu na kudu da na arewa.

Masana tarihi sun ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka fito, neman tama ya kawo su, shi ya sa a ke kiran zuriyarsu Abagayawa. To, har yanzu mutanen Gaya ba su bar bin wannan hanya ba, wajen mil 40 ta kan gadar Wudil, sai dai yau jini su ke nema da likitan fiɗa.

Kada wani ya ce wannan ƙorafin mutanen ƙauye ne kawai, domin akwai lissafi. Gwamnatin Tarayya ta kan sa a bi gida gida a binciki lafiyar jama'a bayan 'yan shekaru. Binciken 2018 ya nuna cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar. Amma fa wannan jimla ce, ta ɓoye abin da mu ke magana a kai. Da aka rarrabe, sai aka ga a birane 92 ne, a ƙauyuka 157. A gidajen da suka fi wadata 53, a gidajen da suka fi talauci 173. 'Ya'yan matan da suka yi karatu gaba da sakandare 56, 'ya'yan waɗanda ba su shiga makaranta ba 170. Jihar Kano gaba ɗayanta 164 ta samu, watau kusan yaro ɗaya cikin shida. Yaron da aka haifa a ƙauye, a gidan talaka, uwarsa ba ta yi karatu ba, duk ukun nan sun haɗu a kansa. Irin wannan yaro kuwa shi ya fi yawa a azuzuwanmu na Toranke da Balare da Kademi da Shagogo, in Allah ya sa ya rayu har ya isa shiga aji.

Mun sani rai da ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma sauro bai san ɗan alhaji da ɗan manomi ba, ƙyanda ma haka. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya: nisan ɗakin magani, da ko akwai mai duba yaron in an je, da ko akwai maganin, da ko akwai kuɗin saye. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa kan magani a ƙasar nan daga aljihun majinyaci ya ke fitowa. Zazzaɓi kuwa ya fi tsanani da damina, daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai gama shigowa ba, hanyoyin ƙauyukan da ke kusa da kogi a ƙasar Ajingi sun cika da ruwa. Duk waɗannan abubuwa ne da hannun mutum ya ke iya gyarawa, gyaransu kuwa shi a ke kira shiri.

Ba yau aka fara shiri ba. Zamanin En'e ɗakin shan magani na gunduma a hannun Hukumar Gargajiya ya ke, Baitulmali ke biyan malamin asibiti da duba-gari. Cikin 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, suka gaji wannan aiki. A shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 an zana tsari mai kyau a takarda: kowane mutum 150,000 su sami babbar cibiyar lafiya ɗaya, da matsakaita huɗu, da ƙananan ɗakunan magani 20, da motocin asibiti biyar masu zagawa. Kuɗin suka tafi wajen gini da sayen kaya, ba a koyar da isassun ma'aikata ba, aka bar gine-gine da dama jemagu na kwana ciki. Sa'an nan aka yi babban taron Alma-Ata cikin 1978, inda ƙasashen duniya suka yarda lafiya daga tushe za a fara ta. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki wannan magana da gaske, allurar rigakafi ta yaɗu ƙwarai a zamaninsa, bayan tafiyarsa abin ya koma baya. Cikin 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko, aka fara sa kuɗin a kasafin 2018. Ita ma Jihar Kano ta kafa hukumar lafiya a matakin farko cikin 2012, da hukumar taimakekeniyar lafiya cikin 2016, da asusun tallafa wa lafiya cikin 2017. Ba shakka waɗannan abin yabo ne. Dokoki da hukumomi kam ba mu rasa su ba.

Abin da mu ke gani ya rage shi ne ma'aunin rabo. In za a raba ma'aikata ko magani ko kuɗin gyara, hanya biyu aka fi sabawa da su. Ta farko a ce kowace ƙaramar hukuma ta sami daidai da 'yar'uwarta, ko kowace mazaɓa cikin mazaɓu 484 na Jiha ta sami ɗakin magani ɗaya. Wannan yana da kamar adalci, amma a duba. Mazaɓar cikin birni mutum na iya ratsa ta da ƙafa cikin rabin sa'a, ga kuma asibitocin kuɗi da kantunan magani ko'ina. Mazaɓar ƙasar Ajingi kuwa ƙauyuka ne da rugage a warwatse, wani sai ya yi tafiyar mil biyar ko fiye kafin ya kai. In an ba su ɗaya ɗaya, mutumin birni ya sami ƙari a kan abin da ya ke da shi, mutumin ƙauye ya sami suna kawai. Hanya ta biyu ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa ya san ta: wanda ya fi baki, ko ya fi kusa da ofis, shi ya kan samu. Wani likitan Ingila mai suna Julian Tudor Hart ya rubuta tun 1971 cewa inda aka fi bukatar magani a nan ya fi ƙaranci. Ma'aikatun haƙar kwal na ƙasarsa ya duba ya faɗi haka, amma sai ka ce Gafasa ya zauna.

Mutanen Ingila ba su tsaya ga faɗi ba. Cikin 1976 wani kwamiti ya tsara musu sabuwar hanyar raba kuɗin asibiti tsakanin yankunan ƙasar. Dā kowane yanki abin da ya samu bara shi a ke ƙara masa kaɗan bana, saboda haka Landan, mai tsofaffin manyan asibitoci, kullum ita ke gaba. Sabuwar hanyar ta ce a ƙidaya mutanen yanki, a duba shekarunsu, a duba yawan mace-mace, sa'an nan a raba. Ba su ƙwace wa Landan kome dare ɗaya ba. Ƙarin kowace shekara suka riƙa karkatarwa wajen waɗanda aka bari baya, har ratar ta ragu cikin shekaru goma da 'yan kai. Mun ambaci wannan ne domin akawunanmu su ga abin ba ya bukatar sihiri. Lissafi ne irin wanda kowane malamin kuɗi zai iya yi a kan tebur.

Bari mu gwada shi. A ƙidayar 2006 Gaya tana da mutum wajen 200,000, Ajingi kuma fiye da 170,000. A haɗe sun tasam ma 375,000, yau kuwa sun fi haka nesa. A ƙauyukan ƙasar nan a kan haifi jarirai wajen 40 cikin kowane mutum 1,000 a shekara. Ke nan ko da tsohuwar ƙidayar aka yi aiki, haihuwa 15,000 ce a shekara, fiye da 40 kowace rana ta Allah. Masana sun ƙiyasta cikin mata 100 masu ciki, wajen 15 za su gamu da matsalar da sai gwani ya sa hannu, ko zubar jini, ko jijjiga, ko doguwar naƙuda. Watau mata shida ke nan kullum a ƙasar Gaya da Ajingi. An kuma ƙiyasta ungozoma shida masu takarda su ke isar haihuwa 1,000. In haka ne ana bukatar 90, a raba su mazaɓu 20 na ƙananan hukumomin biyu, kowace ta sami huɗu ko biyar. Huɗun nan ba yawa ba ne, su ne za su sa ɗakin haihuwa ya zauna buɗe dare da rana, tun da ya ke naƙuda ba ta san an tashi aiki ƙarfe huɗu ba. To, kowane shugaban sashen lafiya ya buɗe littafinsa ya ƙidaya nawa gare shi, nawa kuma ke kwana a garin da aka tura su. Abin da ya rage tsakanin lissafin nan da littafinsa, shi ne abin da za a kai gaban Gwamnati a nema.

Akwai kuma maganar girman yankin da za a yi wa shiri. Ƙaramar hukuma ɗaya ta yi kaɗan ta riƙe ɗakin fiɗa da ma'ajiyar jini da likitoci, Jiha kuwa ta yi faɗi, daga hedkwata ba a hango Gurduba. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kowane mutum 500,000 su sami wurare biyar na taimakon gaggawa ga mai haihuwa, ɗaya daga ciki ya iya fiɗa da ƙarin jini. In aka haɗa Gaya da Ajingi da Albasu, mai mutum wajen 190,000 a ƙidayar 2006, an wuce rabin miliyan ɗin, ga kuma babban asibitin Gaya a tsakiya, Ajingi na arewa, Albasu na kudu. Waɗannan ukun su ne dokar Yuli 2024 ta haɗa ƙarƙashin masarautar Gaya. Mu dai ba sarauta mu ke magana ba. An kafa masarautar cikin 2019, aka rushe ta cikin Mayu 2024, aka sāke kafa ta bayan wata biyu, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da mu ke cewa, ko da sarauta ko babu, ƙasar nan gunduma ɗaya ce ta fuskar jinya, ya kamata a yi mata shiri ɗaya da kasafi ɗaya, a kuma sa mutum ɗaya wanda za a tambaya in mace ta mutu a hanya. Yanzu babban asibiti yana ƙarƙashin wata hukuma, ƙananan ɗakunan magani suna ƙarƙashin wata. Majinyaci kuwa bai san wannan ba, shi dai daga nan a ke tura shi can.

Maƙwabtanmu na Jigawa sun taɓa gwada irin wannan. Cikin 2007 suka yi dokar da ta raba Jiharsu gunduma tara na lafiya, kowace ta haɗa babban asibiti da ƙananan da ke kewaye da shi a hannu ɗaya. Daga baya an sāke tsarin, amma waɗanda suka yi aikin suna nan da rai, daga Gaya zuwa Dutse kuwa ba nisa. Ya kamata a je a tambaye su abin da ya yi kyau da abin da ya ba su wuya. A Jamhuriyar Nijar ma, wadda ba ta kai mu arziki ba, an gina ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka, aka sa 'yan gari a ciki, aka ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani daga 2006. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Hausawa ne irinmu a Maraɗi da Damagaram, gero ɗaya mu ke ci.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya shafi malaman makaranta, a nan kuwa za mu ɗan daɗe. Ina za a sami ungozoma 90? An gwada aiko su daga nesa. Shirin da Gwamnatin Tarayya ta fara cikin 2009 ya tura ungozomomi huɗu huɗu zuwa ɗakunan magani na ƙauye, ya yi amfani da farko, amma da alawus ya riƙa makara, masauki kuma babu, da yawa suka koma inda suka fito. Ba mu ga laifinsu ba. Yarinyar da ta tashi a birni, iyayenta da mijinta na can, in an kai ta garin da ba ta san kowa ba, ba ruwan famfo ba wuta, ranar da ta sauka ran nan ta fara neman hanyar canji. Wadda za ta zauna ita ce 'yar garin, wadda gidan ubanta ke bayan masallaci, wadda matan gari ba su jin nauyin buɗe mata cikinsu, mazan gari kuma ba su ƙin ta shiga gidajensu.

Amma makarantar ungozoma, irin ta Dambatta, ba ta ɗaukar yarinya sai ta ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku a jarrabawar ƙarshen sakandare. A nan ne hanyar ta ke tsinkewa. Yarinyar ƙauye ta kan gama firamare, in an yi sa'a ta yi ƙaramar sakandare, sa'an nan a yi mata aure. Wadda ta ci gaba kuwa sau da yawa makarantarsu ba malamin kimiyya, ba ɗakin gwaji, sai ta fito da takardar da ba ta buɗe mata wannan ƙofa. Saboda haka in an raba guraben karatu bisa cin jarrabawa kaɗai, 'yan birni za su cinye su, su kuwa ba za su zauna Kunkurawa ba. Tsakanin 2012 da 2020 an yi wani shiri a jihohin Arewa, har da Kano, inda garuruwa suka zaɓo 'yan matansu da matan aure, aka yi musu shekara guda ta share fage domin su cike darussan da suka rasa, kana suka shiga makarantun jinya da alkawarin komawa gida aiki. Irin wannan bai kamata ya tsaya ga taimakon baƙi ba. A sa shi cikin kasafin Jiha, a ware wa kowace mazaɓa gurbinta, in ba ta kawo yarinya bana ba a tambayi dagaci da hedimasta dalili. Ashe ke nan malamin kimiyya ɗaya a makarantar 'yan mata ta Ajingi yana cikin shirin lafiya, ko da ya ke Ma'aikatar Ilmi ke biyansa. Ma'aikatun nan biyu ya kamata su zauna tebur ɗaya ran da a ke zana shirin.

Wani zai ce, ai mutanen ƙauye ko an kai musu ba su zuwa. Gaskiya ne binciken 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma mace 16 ce kaɗai cikin 100 ke haihuwa a asibiti. Gaskiya ne kuma an dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi, zargin kuwa yana da tushe cikin abin da ya faru lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Amma a tuna yadda aka ƙare. Da aka sa sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malaman addini cikin aikin, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida gida, shan inna na asali bai sāke kama yaro a Jihar Kano ba bayan 2014, har aka tabbatar Afirka ta rabu da shi cikin Agusta 2020. Mutanen da aka ce ba su yarda, su ne suka miƙo 'ya'yansu. Matar da ta yi tafiyar sa'a biyu a kan babur ta tarar da ƙofa a kulle, in ba ta koma ba kada a kira ta jahila. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha shan wahalarsa, ya nuna mana an kai ɗigon shan inna har ƙofar gida, amma allurar yau da kullum, wadda sai an je ɗakin magani, ta bar yara da yawa a baya.

Ba kuma kowane gyara ne mai tsada ba. Wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta shugabanci sashensa na Nijeriya, ya nuna cikin 2023 cewa in an shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni a ga yawan jinin da ta zubar, aka kuma ba ta magungunan tare ba ɗaya bayan ɗaya ba, mummunar zubar jini ta kan ragu da kashi 60 cikin 100. Ilmin da 'yar Kano ta sa hannu aka samo, bai kyautu a ce ya tsaya asibitocin birni ba. Sai dai allurar tsayar da jini tana son sanyi, saboda haka firji mai aiki da hasken rana yana gaba da fenti da allon suna. Haka nan yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta kowace tasha, a san motar da za ta tashi da dare da wanda zai biya mai, kamar yadda aka yi a waɗansu jihohin Arewa.

Ku kuma akawunan ƙananan hukumomi, magadan malaman En'e, kada ku ga kamar maganar ta fi ƙarfinku. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, ido zai ƙara dawowa kanku. Ma'aunin rabon da mu ke roƙo ba zai yiwu ba sai da ƙidaya ta gaskiya, ƙidayar kuwa daga hannunku ta ke fitowa. In an rubuta an yi wa yara 200 allura alhali 80 aka yi wa, domin a faranta ran mai gida, to an shaida wa Kano da hannunku cewa garin nan ba ya bukatar kome, Kano kuwa za ta gaskata. Haka nan littafin haihuwa da mutuwa na mai unguwa. Macen da ta rasu wajen haihuwa a gida aka binne ta kafin azahar, in ba a rubuta ta ba, ba ta cikin lissafin kowa. Muna roƙon majalisun Gaya da Ajingi, kafin a zauna kasafin baɗi, kowace ta fitar da takarda ɗaya mai nuna mazaɓunta goma, da yawan mutanen kowace, da nisan ƙauyen da ya fi nesa da ɗakin magani, da ma'aikatan da ke kwana a wurin, da matan da suka rasu wajen haihuwa bana. A aika da ita Ma'aikatar Lafiya, a kuma manna kwafinta a ƙofar sakatariya da ƙofar fadar hakimi inda kowa zai karanta.